Gwangwanin da Na Kawo wa Kaka

Mu goma sha ɗaya ƙungiya ta zaɓa,
ni ne na ƙarshe a takarda,
don Dachung ya rasa biza aka cike gurbi da ni.
Uwani ta ɗinka aljihu a cikin singiletina,
ta ce kuɗin mutane ne, ka kwana a kansu.
Na bar rumfar Farin Gada a hannun yaro
da kwando arba'in da sun fara laushi,
na hau motar Abuja ana kiran assalatu.

A Italiya aka ba mu farar riga da hular leda,
muka bi wata mata gajera mai saurin tafiya,
tafinta na haki a bayanta.
Tumatir na gudu a kan ruwa,
ja har iyakar gani,
babu ƙuda, babu dillali,
babu mai cewa albarka.
Na ce a tambaye ta, cikin ɗari nawa ke ruɓewa?
Ta ɗaga yatsu biyu, ta ce ku fa?
Na sunkuya ina gyara igiyar takalmi.

Alhaji Shu'aibu ya rungumi inji ana masa hoto.
Madam Kangyang ta rubuta kuɗinsa,
ta juya shi zuwa naira,
sifiri ya cinye layin takarda,
ta rufe littafi ta ce Allah ya kyauta.

Ni kuwa ɗakin ƙarshe ya riƙe ni,
inda gwangwanaye ke jere ba kowa a cikinsu.
Tafinta ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa,
ya ce ƙarfe ne, an yi masa shafen kuza
don kada tsatsa ta ci miya.

Kuza.
Sai na ji sanyin Bukuru a ƙashina.
Kakana Barau da ƙafa ya zo daga Kazaure,
shekara ashirin da kwanon ƙasa a ka,
har gashin tsakiya ya ƙi sake fitowa.
Yana wanke baƙin yashi, ana aunawa,
jirgin ƙasa na tafiya da shi teku.
Ya rasu bai san me ake yi da shi ba,
ya kan ce wataƙila Turawa ci suke yi.

Ramin da suka bari damina ta cika shi.
Daga nan muke jan ruwa da rani,
mu shayar da tumatir ɗin da zai ruɓe
saboda ba shi da gwangwani.

Na roƙi guda ɗaya, matar ta yi dariya,
ta ba ni, ta haɗa da murfi.

Kwana tara, muka dawo da takardar shaida
mai hatimi kamar ta likita.
Cikin arba'in yaro ya sayar da ashirin da shida,
saura na bayan rumfa, ƙudaje na zaman makoki.
A taro aka ce me kuka kawo mana?
Alhaji ya kunna hotuna, aka ɗauke wuta.

Yanzu ina da sikeli da littafi mai layi,
kowace yamma ina rubuta abin da ya mutu.
Dachung, da bai je ko'ina ba,
shi ya ƙera mana ragar shanya.
Kangyang na neman kwalabe da murhu mai faɗi.
Ba mu san ko za ta fisshe mu ba.

Ran Juma'a na sauka Bukuru bayan la'asar,
na tsuguna a bakin kududdufi,
na ɗebi ruwa da gwangwanin.
Na ce Kaka, ga abin da suke yi da shi.
Ruwan ya yi shiru, kore, mai zurfi.
Na zuba wa shukar da ta fi kusa,
ban ma san gonar wa ce ba.